Ƙaurar Baristocin Ingila Zuwa Kamfanonin Lauyoyi

A Ingila da Wales aikin lauya kashi biyu ne, saɓanin Najeriya inda mutum ɗaya ke riƙe duka biyun. Solisita ne ke zama da mai ƙara ya haɗa takardu, barista kuma ya tsaya gaban alƙali. Yawancin baristoci cin gashin kansu suke yi a ofishin haɗin gwiwa, suna biyan haya da ladan akawu daga abin da suka samu. Sai dai yanzu wasunsu na barin wannan tsari su kama aikin albashi a kamfanonin lauyoyi.

Doka ce ta fara share hanya. Ta 1990 ta ba solisita damar neman izinin tsayawa a manyan kotuna, ta 2007 kuma ta halatta wa lauyoyi iri daban-daban su zama abokan tarayya a kamfani guda. Tun 2005 kamfanin Herbert Smith ya ɗauki manyan baristoci ya kafa sashen da ke tsaya masa a kotu.

Amma babban dalili kuɗi ne. Barista mai zaman kansa ba shi da albashi, ba fansho, ba hutun haihuwa da ake biya, kuma ladan aiki kan yi watanni bai zo ba. Abin ya fi tsanani ga masu shari'ar laifuka, waɗanda ke dogara da kuɗin da gwamnati ke biya don kare marasa hali. Tura ta kai bango a 2022, suka shiga yajin aiki, ba su janye ba sai a watan Oktoba bayan an yi musu ƙarin kashi 15 cikin ɗari. Mata masu ƙananan yara na cikin waɗanda suka fi barin fagen.

Wanda ya koma kamfani yakan sami kwanciyar hankali, ya kuma bi shari'a tun daga tushenta. Sai dai da sharaɗi: yana da shugaba a kansa, ana ƙidaya sa'o'in aikinsa, shigarsa kotu kan ragu, harshe kuwa sai da wasawa. Kamfani ya ci riba, tunda kuɗin da yake biyan barista na waje ya zauna a gida. Asarar ta fi faɗawa kan kotunan laifuka, inda akan ɗage shari'a don rashin lauyan da zai tsaya, waɗanda ake tuhuma kuma su daɗe a tsare suna jira.