Labarin Sanata Adamu Aliero Da Ƙofar Tsamiya

Duk falken da ya taɓa bin hanyar Bagudo ya san ƙasar nan a bakin ƙofa take. Kogin Kwara ya ratsa ta, Illo da Ka'oje da Lolo duk suna cikinta, daga Tsamiya kuwa in mutum ya miƙa yamma sai Segbana, cikin Jamhuriyar Benin, wadda dā ake ce wa Dahome. Tun gabanin zuwan Turawa ayarin goro ke ƙetare Kwara ta wajen Illo zuwa Gwanja. Cikin shekarar 1898 Ingila da Faransa suka zauna a birnin Faris suka raba ƙasar Bargu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila. Tun daga ran nan ɗan'uwa ya zama baƙon ɗan'uwansa, jaki da kayan gero ya zama abin tsayarwa a tambaya.

To, akwai wani ɗan siyasar Jihar Kebbi wanda ya kamata mutanen wannan yanki su san labarinsa, domin a aikin tsaron iyaka ya fara suna, kana ya mulke su shekara 8, daga bisani ya zauna Majalisar Dattawa. Shi ne Alhaji Muhammadu Adamu Aliero.

An haife shi cikin 1957 a Aliero, garin albasa da masu ɗori. Ya yi karatun zamani a Koko, ya wuce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya karanta ilmin siyasa. Ya yi aikin shige da fice, sa'an nan ya koma kwastan, watau masu karɓar kuɗin fito da kamun fasa-ƙwauri. Saboda haka sha'anin falke da direba da ɗan kamasho ba baƙon abu ba ne a gare shi. Ya ajiye kaki ya shiga siyasa a zamanin Janar Abacha, har aka zaɓe shi sanata cikin 1998 a jam'iyyar UNCP. Amma bai ko zauna kujerar ba: Abacha ya rasu cikin watan Yuni, aka rushe zaɓen duka.

Hanin ga Allah baiwa. Shekarar da ta biyo baya, 1999, sai ya tsaya takarar gwamna a jam'iyyar APP, ya ci, ya kuma maimaita cikin 2003. A zamaninsa aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, ƙarshen shekarar 2000, aka kuma kafa jami'ar kimiyya da fasaha cikin 2006. A garinsu ya ajiye ta, masu magana suka yi ta magana, amma ga ta nan ana karatu. Abin da ya fi girgiza ƙasar Gwandu, wadda Bagudo ke cikinta, shi ne tuɓe Sarkin Gwandu Almustafa Haruna Jokolo cikin Yunin 2005, da naɗa Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar a madadinsa. Gwamna ya yi wannan aiki, alƙalai suka shekara 20 suna warware shi, sai cikin 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya bar Sarki Bashar a kan gadonsa.

Da wa'adinsa ya ƙare cikin 2007 ya riga ya koma PDP, ya miƙa mulki ga Alhaji Sa'idu Nasamu Dakingari, mutumin ƙasar Suru, maƙwabciyar Bagudo, wanda shi ma tsohon jami'in kwastan ne. Ashe dai shekara 16 a jere tsofaffin masu tsaron ƙofa ne suka riƙe Kebbi. Shi kuwa Aliero ya tafi Majalisar Dattawa yana wakiltar Kebbi ta Tsakiya.

Nan ya kamata a fayyace wani abu da ke rikita mutane a kasuwa. Dattawan majalisar 109 ne: kowace jiha uku, Abuja ɗaya. Bagudo tana cikin mazaɓar Kebbi ta Arewa ne, tare da Argungu da Augie da Arewa da Dandi da Suru, ba ta cikin mazaɓar Aliero. Haka kuma Alhaji Atiku Bagudu, wanda sunansa ya yi kama da na garin, kujerar Tsakiya ya riƙe, ba ta Arewa ba.

Wannan kujera ta Tsakiya ita ce ta zama abin ja tsakanin mutanen nan biyu. Cikin Disambar 2008 Shugaba 'Yar'aduwa ya naɗa Aliero ministan Abuja, ya bar kujerar, Bagudu ya hau ta a zaɓen cike gurbi na 2009. Aka rushe majalisar ministoci cikin Maris 2010, Aliero ya dawo gida ya tarar da mai shi zaune. Ya nema a CPC cikin 2011, Bagudu ya kayar da shi. Cikin 2015 suka haɗu a APC suka yi rabo: Bagudu ya zama gwamna, Aliero ya koma majalisa, haka kuma aka sake cikin 2019.

Suna cikin wannan zama ne, a watan Agustan 2019, gwamnatin Shugaba Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, domin hana shigowar shinkafar waje. Cikin Nuwamba aka ƙara da hana kai man fetur ga gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai sayen mai a Lolo ko Tsamiya ai ba duka ne ɗan fasa-ƙwauri ba. Akwai mai injin ban-ruwa, akwai mai kwale-kwale, akwai mai injin niƙa. Al'amarin ya zo wa Kebbi da fuska biyu. Manomin shinkafa na fadama ya samu kasuwa, tun da a Birnin Kebbi aka buɗe shirin ba manoma rance cikin Nuwambar 2015. Amma mai kai albasa da dabbobi ƙetare, ya komo da sefa, sai ya ga kayansa na ruɓa a hannu. Sau da yawa ma gida ɗaya ne ke da manomin da falken.

Mutane suka riƙa cewa, ina sanatocinmu? Ga tsohon ɗan kwastan a majalisa, ga kuma Dokta Yahaya Abdullahi, sanatan Kebbi ta Arewa, wanda a lokacin shi ne shugaban masu rinjaye. Gaskiyar magana, mabuɗin iyaka ba ya hannun sanata. Aikinsa yin doka ne, da duba kasafin kuɗi, da tantance waɗanda za a naɗa. Yana iya miƙewa ya kawo kuka, majalisa ta yanke shawara, amma shawarar ba ta tilasta wa Shugaban Ƙasa. Duk da haka ba a ce mai kuka ya yi laifi ba, domin ran neman ƙuri'a ba wanda ya tsaya ya yi masa wannan bayani. Cikin Disambar 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, har da Illela da Maigatari. Cikin Afrilun 2022 aka ƙara huɗu, Kamba na ciki. Duka jerin biyu ba sunan Tsamiya.

Cikin Yunin 2022 jiƙa ta sake ɓaci tsakanin Aliero da Gwamna Bagudu kan tikitin kujerar nan dai. Aliero da Yahaya Abdullahi suka fice zuwa PDP, Yahaya ya ajiye shugabancin masu rinjaye. Aka je zaɓen 2023, tsohon gwamna ya kayar da gwamna mai ci, ya rama kayen 2011 bayan shekara 12. Bagudu bai daɗe a ƙasa ba, cikin Agusta Shugaba Tinubu ya naɗa shi ministan kasafin kuɗi. Cikin Mayun 2025 kuma sanatocin Kebbi duka uku, Aliero da Yahaya Abdullahi da Garba Maidoki, suka tattara suka koma APC.