Bayani A Kan Teburin Talabijin Da Ɓoye Wayoyinsa Lokacin Gyaran Gida

  Ya ku 'yan'uwa malamai da attajirai, ga wata magana wadda wani zai ce ta kafinta ce, ba ta malami ba. To, amma a cikinta akwai tsaron rai da tsaron dukiya, kuma waɗannan biyu suna cikin abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa.

An fara talabijin a ƙasar nan a Ibadan cikin 1959, sa'an nan aka buɗe ta Kaduna cikin 1962, zamanin Sardaunan Sakkwato. A wancan lokaci akwati ne guda mai ƙaton ciki, da waya biyu kawai, ɗaya ta wuta, ɗaya ta eriya. Yau kuwa ya zama allo siriri, amma ya tara zuriya a bayansa: ga dikoda ta DStv ko StarTimes, ga sitabilaiza, ga akwatin intanet, ga lasifika, ga cajar waya. Kowanne da igiyarsa. Sai ka shiga falon mutum mai mutunci, ka ga wayoyi sun zubo a bango kamar saiwar ceɗiya. Ƙurar hunturu ta kwanta a kai, ɓera yana gaigaya, yaro mai rarrafe yana ja.

Magabatanmu ba su yin haka da fitila. Tun ana ɗora tubali magini ke barin alkuki a bango, domin ya san inda za ta zauna. Wannan shi ne asalin maganar duka. Wanda ya tashi gyaran gida, lalle ya tara mutum uku a rana guda kafin a yi filasta: birkila, da mai aikin waya, da kafinta. In ya bari sai an gama fenti sa'an nan ya kira kafinta, to, ko dai a fasa bango a yi hasara, ko a bar waya a sarari.

Farkon abin da za a yanke shi ne bango. Ni a ganina kada a sa shi a bangon gabas in ana salla a ɗakin. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci Nana A'isha ta kawar da wani labule mai zane domin yana ɗauke masa hankali a salla. In labule da ba ya motsi ya yi haka, ina ga allo mai hoto yana magana? Kada kuma ya fuskanci taga, don hasken rana yana kashe hoto. Bangon ƙasa ba ya riƙe abu mai nauyi, gara a girka talabijin bisa teburin. Bangon bulo yana riƙewa, amma bulo yana da kogo a ciki, sai an sami noti mai buɗewa a ciki, ko a cika kogon da kankare tun ana gini.

Tsawo kuwa, ƙa'idarsa tsakiyar allo ta yi daidai da idon mai kallo yana zaune. Mai zama a kujera idonsa yana wajen mita guda daga ƙasa ko sama kaɗan. Mu kuwa da yawanmu a darduma muke zama, watau ido ya sauko ƙasa ƙwarai. Kafintocin yanzu suna kwaikwayon hotunan gidajen Turai, su rataye abu can sama, mai gida ya wuni yana ɗaga wuya. Ka zauna yadda ka saba zama, ka sa a yi alama a bango da alli. Allo mai inci 55 faɗinsa ƙafa 4 ne, saboda haka teburinsa ya kai ƙafa 5 ko fiye, zurfinsa kamar inci 16.

Yanzu ga zuciyar aikin. A binne bututun roba a bango, bakinsa na sama a bayan allo, na ƙasa a bayan tebur. Bututun da masu waya suka saba da shi mai milimita 20 ne ko 25, wannan kuwa ya yi ƙunci, domin kan wayar hoto da ake kira HDMI yana da faɗi, ba ya wucewa cikin sauƙi. A sa mai inci 2. Ya sauko a miƙe, ba a karkace ba, don wanda zai buga ƙusa bayan shekara goma ya iya gane inda ya bi. A bar zaren igiya a cikinsa, duk ran da aka sayi sabon abu sai a ɗaura wayarsa a ja. Wayar wuta ta bi bututunta dabam, kada a gwama ta da ta hoto. Kuma faufau kada a binne wayar ƙari, wadda ake ce wa ekistenshin, cikin siminti. A kafa soket na gaske, ɗaya a bayan allo, uku ko huɗu a bayan tebur, kowanne da wayar ƙasa, watau at.

Ga wani lissafi da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. Wutarmu bolt 230 ce, filogi mai ƙafa uku kuwa iyakar fis ɗinsa amfiya 13. In ka buga wannan da wancan, ka sami wajen wat 3,000. Talabijin da dikoda da akwatin intanet duka ba su kusa da wannan. Amma dutsen guga ko hitar ruwa, guda ɗaya yana iya cin rabin wannan ko fiye. Saboda haka soket ɗin tebur na kayan kallo ne kaɗai. Waya mai tsawo kuma kada a naɗe ta ƙulli guda a tura cikin kabad, gama naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi. Mutanen Kano ba su manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba, sun san abin da wuta ke yi wa katako da yadi cikin dare guda.

Ɓoye waya ba shi ne ɓoye makunni ba. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aiki don neman kyau. Wutar ƙasarmu takan tafi ta komo da ƙarfi, da damina kuma tsawa tana iya biyo wayar faranti ta shigo. Wajibi ne a sami makunni guda a gefen tebur, inda hannun uwargida zai kai cikin duhu ba tare da an jawo kabad ba. Allon bayan tebur ya zama mai cirewa, a bar taki inci 3 tsakaninsa da bango. A huda ramukan iska sama da ƙasa, a rufe su da ragar ƙarfe saboda ɓera da kyankyaso, domin dikoda da sitabilaiza suna fitar da zafi, ga kuma bazararmu. Ƙofar da ke gaban dikoda ta zama ta gilashi ko ta raga, in ba haka ba rimot ba zai kama ba. Batirin inbata mai ruwa kuwa ba shi da wuri a nan ko kaɗan: yana fitar da iska mai kama wuta sa'ad da yake caji, sai a nema masa wuri mai iska a waje.

Katako, maɗaci ya fi, in ya bushe sosai. Wanda ake matsawa daga garin katako, wai shi MDF, yana da sumul da araha, amma ruwan goge ɗaki in ya taɓa gindinsa sai ya kumbura. A yi wa tebur ƙafafu, ya tashi daga ƙasa, don gara kada ta hau a ɓoye. Mai son ajiye littattafai ya sa kantarsu a sama, ko a wani bango dabam. Alƙur'ani ba ya zama ƙarƙashin akwatin kallo. Malamin da almajirai ke ɗaukar karatu a ɗakinsa kuwa, ya sa a yi wa allon ƙyaure mai ja.

Saura cinikin da ke tsakaninka da kafinta. In shi zai kawo katako ya ƙera, malamanmu na Malikiyya suna ɗora wannan a kan hukuncin salam: a siffanta abin sarai, a yanke ajali, a ba da kuɗi a gaba, ba a jinkirta su fiye da kwana 3. Mai Risala ya zaɓi ajalin ya kai kwana 15. Hanafiyya sun sauƙaƙa, ba su sharɗanta ba da kuɗin a gaba ba. In kuwa kai ka sayi katako ka kai masa, to, ijara ce, kuma a mazhabarmu mai sana'a yana lamunin abin da ya tafi da shi rumfarsa in ya salwanta, sai fa in shaidu sun tabbatar ba sakacinsa ba ne. Ko wanne aka yi, a rubuta a takarda: tsawo, da faɗi, da irin katako, da yawan ramuka da inda za su zauna, da ranar kawowa. Kowa ya riƙe kofi guda, mai waya kuma ya zana hanyar bututu a bayan takardar kafin birkila ya rufe ta da siminti.