Ina Ya Kamata Ɗalibi Ya Ajiye Rubutunsa?

Bara, ana saura kwana uku mu fita gwajin koyarwa, wayata ta faɗa rijiya, ta tafi da shirin darussa na mako shida. Tun ran nan na shiga gwada manhajojin ajiye rubutu. Ga abin da na gani game da guda uku.

OneNote, wadda Microsoft ya fitar a 2003, tsarinta kamar na littafin makaranta ne, watau littafi, a cikinsa sassa, a cikin sassa shafuka. Sai ka ba Lissafi sashe, Tarihi sashe. Kyauta ce, kuma tana ajiye kwafi a intanet. Ko waya ta salwanta, rubutu na nan.

Evernote ta gwanance wajen nemo kalma, har wadda ke cikin hoton allo. Amma a ƙarshen 2023 aka tsai da masu aiki da ita kyauta kan rubutu 50 da littafi ɗaya tak. Ɗalibi kuwa, kafin zango ya ƙare ya cike 50.

Obsidian ta fito a 2020. Ita tana ajiye kowane rubutu cikin na'urarka, ba ruwanta da intanet. Sai dai yin kwafi yana wuyanka, in ba ka biya kuɗi ba.

To, 'yan'uwa, kafin ku zaɓa ku tambayi kanku: in waya ta ɓace yau, ina rubutun ya ke? Ni dai na zauna kan OneNote, sa'an nan kowace Jumma'a in buga shirin mako a takarda.