Mallaka da Riƙon Amana a Ƙananan Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa na Ingila: Nazarin Durƙushewar Ƙungiyar Bury

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin dalilan da ke jefa ƙananan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ingila cikin ƙangin bashi, tare da ɗaukar ƙungiyar Bury, wadda aka kora daga gasa a shekarar 2019, a matsayin zakaran gwajin dafi. Maƙalar ta nuna cewa tushen matsalar shi ne saɓanin da ke tsakanin yadda doka take kallon kulob, wato kamfanin mutum ɗaya, da yadda mutanen gari suke kallonsa, wato gadon kaka da kakanni.

1.0 Gabatarwa

Gasar Firimiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin da wuya a sami unguwar da babu gidan kallon da ake nuna ta. Sai dai ƙungiyoyi 20 da ke cikinta ƙololuwa ce kawai ta wani dogon tsani. A ƙarƙashinsu akwai ƙungiyoyi 72 da hukumar EFL ke kula da su a matakai uku: Championship da League One da League Two. Ƙasa da nan kuma akwai ɗaruruwan ƙungiyoyin garuruwa da ƙauyuka. Kowace kaka wasu na haurawa wasu na gangarowa, kuma a ƙa'ida babu abin da zai hana ƙungiyar ƙauye ta kai ƙololuwa. Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce abin alfaharin ƙwallon Ingila. Ita ce kuma, kamar yadda za a gani, take ingiza masu kulob su ci bashin da ya fi ƙarfinsu.

2.0 Daga Kofin FA zuwa Kora

Bury gari ne da ke arewacin birnin Manchester, wanda ya bunƙasa a zamanin masaƙun auduga. An kafa ƙungiyarsa a 1885, kuma tun daga wannan shekarar take wasa a filin Gigg Lane. Ta shiga gasar ƙasa a 1894, ta ci kofin FA a 1900 da 1903. A karo na biyu ta lallasa Derby County da ci 6 da nema, ratar da babu wanda ya kamo a wasan ƙarshe na kofin sai Manchester City a 2019, shekarar da ita Bury ɗin ta faɗi. Ɗaya daga cikin rumfunan 'yan kallo na filin yana ɗauke da sunan mahaifin Gary da Phil Neville, wanda ya daɗe yana yi wa ƙungiyar hidima.

A 2013 wani mai harkar gine-gine, Stewart Day, ya karɓi ragamar ƙungiyar. Ya ɗauko 'yan wasa masu tsada da nufin kai ta Championship, alhali masu shiga kallo ba su cika wuce 4,000 ba. Giɓin da ke tsakanin kuɗin shiga da albashi an riƙa cike shi ne da rance daga kamfanoninsa na gina ɗakunan kwanan ɗalibai, da kuma bashin da aka ci aka jinginar da filin wasan. An ruwaito cewa ɗaya daga cikin basussukan, na fam miliyan 1, yana ɗauke da kuɗin ruwa na kashi 10 cikin 100 a kowane wata. Har guraben ajiye motoci na harabar filin sai da aka sayar wa masu zuba jari a kan fam 9,995 kowane ɗaya. Da harkar gine-ginen ta tsaya cik, sai Day ya sayar da kulob ɗin ga Steve Dale a watan Disamba na 2018 a kan fam 1.

Wannan farashi yakan ba mai karatu mamaki, amma ba kyauta ba ce. Wanda ya sayi kamfani ya saye shi ne da bashinsa, don haka fam ɗayan shaida ce kawai ta cinikin. Ainihin farashin shi ne nauyin da mai saye ya ɗauka na biyan bashi da albashi. Dale bai nuna wa hukumar EFL shaidar cewa yana da wannan kuɗi ba kafin a kammala cinikin, kuma dokokin lokacin ba su wajabta hakan kafin ciniki ba. Daga baya ya faɗa a wata hira ta rediyo cewa bai ma san da ƙungiyar ba kafin cinikin ya taso.

A watan Afrilu na 2019 'yan wasan, ƙarƙashin koci Ryan Lowe, sun haura zuwa League One ba tare da ana biyan su albashi a kan kari ba. A watan Yuli aka ƙulla yarjejeniyar sassauci da masu bin bashi, abin da ya jawo aka zabtare wa ƙungiyar maki 12 tun kafin a take leda. Hukumar ta yi ta ɗage wasanninta tana jiran shaidar kuɗi. A ranar 27 ga Agusta, yayin da magoya baya suke share filin da fatan za a buga wasa, kamfanin C&N Sporting Risk da ke shirin saye ya janye. A daren nan aka kori Bury bayan shekara 125 a cikin gasar. Rabon da a ga ƙungiya ta fice daga gasar saboda kuɗi tun Maidstone United a 1992. Maƙwabciyarta Bolton Wanderers, wadda aka ba wa'adi ɗaya da ita, ta sha da ƙyar da aka sami mai saye washegari.

3.0 Inda Kuɗin Yake da Inda Ba Ya Zuwa

Ba za a fahimci abin da ya sa mai hankali zai kashe abin da ba shi da shi ba sai an dubi rabon kuɗin talabijin. Tun da manyan ƙungiyoyi suka ɓalle suka kafa Firimiya a 1992, kuɗin nuna wasanni ya taru a sama. Kwangilar cikin gida ta 2016 zuwa 2019 kaɗai ta haura fam biliyan 5. Abin da ke gangarowa ƙasa kaɗan ne, kuma kaso mai tsoka daga cikinsa yana tafiya ne ga ƙungiyoyin da suka faɗo daga Firimiya, a matsayin kuɗin sassauta faɗuwa da ake ba su har tsawon shekara uku. Sauran ƙungiyoyin Championship sai su ga ba su da hanyar gogayya da waɗannan sai ta bashi, musamman da yake haurawa Firimiya tana kawo fiye da fam miliyan 100. A kakanni da dama jimillar albashin da ƙungiyoyin wannan mataki suka biya ta zarce dukkan kuɗin shigarsu. Tsadar 'yan wasa kuma tana gangarowa mataki bayan mataki har ta iso ga irin su Bury. Ga shi ƙananan ƙungiyoyin sun taɓa ɗanɗana kuɗarsu a 2002, lokacin da kamfanin ITV Digital ya durƙushe da kwangilar fam miliyan 315 da suka riga suka gina kasafinsu a kanta.

Akwai dokar da aka yi domin taka wa wannan birki. A lokacin da ake magana, ƙungiyar League One ba ta da izinin kashe fiye da kashi 60 cikin 100 na kuɗin shigarta a albashin 'yan wasa. Amma dokar ta yarda a lissafa kuɗin da mai kulob ya zuba daga aljihunsa cikin kuɗin shiga. Ke nan ana auna ƙarfin ƙungiya da alkawarin mutum ɗaya, a sa hannu a kwangilolin shekara biyu ko uku bisa wannan alkawari, ba tare da an tanadi abin da zai faru ba idan aljihun ya bushe. Rahoton da lauya Jonathan Taylor ya gabatar wa EFL a watan Fabrairu na 2020 ya ɗora alhakin faɗuwar Bury a kan wannan dogaro da kuɗin mai kulob da kuma yankewarsa.

Gwajin cancantar masu kulob ma bai tsinana komai ba. A wancan lokacin, abin da yake bincikawa shi ne ko an taɓa samun mutum da wasu laifuffuka na rashin gaskiya, ko yana cikin fatara, ko an hana shi shugabancin kamfani. A lokacin ba ya tambayar manufarsa ko ƙwarewarsa. Wanda ba a kama da ɗayan waɗannan ba ya tsallake.

Wani abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne dokar fifita masu bin bashi na cikin harkar ƙwallo. Idan ƙungiya ta durƙushe, wajibi ne a biya 'yan wasa da sauran ƙungiyoyi kuɗinsu cif kafin a bar ta ta ci gaba da gasa. Mai kawo abinci da mai gyaran lantarki da mai ɗab'in takardu kuwa, waɗanda galibi 'yan garin ne, sai su karɓi abin da ya samu. A yarjejeniyar Bury kwata ɗin kuɗinsu aka yi musu tayi. Hukumar haraji ta Birtaniya ta ƙalubalanci wannan doka a kotu a 2012 ba ta yi nasara ba. A ganin mai wannan nazari, dokar tana rage wa ƙungiyoyi tsoron yin ciniki da wanda ba shi da kuɗi, tun da sun san asarar a kan wasu za ta faɗa.

Bury ba ita kaɗai ba ce. Kotu ta rushe Macclesfield Town a watan Satumba na 2020 kan bashin da ya ɗan haura fam 500,000. Wigan Athletic, wadda ta ci kofin FA a 2013, ta faɗa hannun masu riƙon ƙwarya a watan Yuli na 2020, makonni kaɗan bayan an sayar da ita daga wani kamfanin Hong Kong zuwa wani. Derby County kuwa maki 21 aka cire mata a kakar 2021 zuwa 2022. A duk waɗannan, hukuncin cire maki yana sauka ne a kan magoya baya da 'yan wasa, su da ba su ci nanin ba nanin ta ci su.

4.0 Mai Kulob ko Mai Riƙo?

Hausa ta bambanta “mai abu” da “mai riƙon abu”. Mai gona yana iya sayarwa ko jinginarwa yadda ya ga dama. Mai riƙon gonar gandu ko dukiyar marayu ba shi da wannan 'yanci, ko da shi ke noma ta. A dokar Ingila kulob kamfani ne kamar kowane, kuma mai rinjayen hannun jari mai abu ne. A zukatan mutanen gari kuwa mai riƙo ne, domin ƙungiyar ta girme shi, kuma ana sa ran za ta wanzu bayansa. Magoyin baya ba ya sauya ƙungiya kamar yadda mai saye ke sauya shago idan kaya sun lalace, don haka kasuwa ba ta ladabtar da mai kulob yadda take ladabtar da ɗan kasuwa. Filin wasa shi ne wurin da saɓanin ya fi fitowa fili: wurin tarihi ne ga 'yan gari, ga mai ba da rance kuwa fili ne a tsakiyar gari da za a iya yanka shi a gina gidaje.

Masu nazarin zamantakewar Hausawa za su ga kama tsakanin wannan da dangantakar bara da ubangida, inda ci da suturar bara suke rataye a wuyan mutum ɗaya. Ƙwallon Nijeriya ma ya san wannan hali. Abiola Babes da Leventis United sun yi tashe a shekarun 1980, suka watse da masu su suka janye hannu. A yau mafi yawan manyan ƙungiyoyin ƙasar, ciki har da Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists, gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, wato ubangidan ne ya sauya kama. Jamus ta bi wata hanya dabam, inda doka ta tanadi cewa rinjayen ƙuri'a ya zauna a hannun mambobin ƙungiya, in ban da 'yan tsirarun da aka keɓe.

5.0 Abin da Ya Biyo Baya

Faɗuwar Bury, tare da yunƙurin manyan ƙungiyoyi na kafa gasar Super League a watan Afrilu na 2021, su suka sa gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin 'yar majalisa Tracey Crouch. Rahotonta na watan Nuwamba na 2021 ya ba da shawarar kafa hukuma mai zaman kanta, kuma dokar da ta kafa ta ta sami amincewar Sarki a watan Yuli na 2025. Hukumar za ta ba ƙungiyoyi 116 na matakai biyar na sama lasisi, ta binciki tushen dukiyar mai son saye, ta kuma sa baki a rabon kuɗi idan Firimiya da EFL suka kasa daidaitawa. Ba a sayar da fili ko a ƙaura daga cikinsa sai da izininta. Dokar ba ta karɓe mallaka daga hannun masu kulob ba. Ta dai ɗora musu wasu daga cikin sharuɗɗan mai riƙo. Muddin tazarar kuɗi tsakanin matakai tana nan yadda take, kwaɗayin yin caca da dukiyar ƙungiya ba zai gushe ba, kuma a nan ne za a gane ƙarfin hukumar.

Su kuwa mutanen Bury ba su jira doka ba, ko da yake kansu ya rabu biyu. Wani ɓangare ya kafa sabuwar ƙungiya mai suna Bury AFC, ta fara daga mataki na 10 a filin aro. Wani ɓangaren ya dage a kan ceto Gigg Lane, ya kuwa saye shi a 2022 da taimakon fam miliyan 1 daga asusun gwamnati na mallakar al'umma. Aka wayi gari masu ƙungiya ba su da fili, masu fili ba su da ƙungiya. Ƙuri'ar haɗewa ta farko, a watan Oktoba na 2022, ba ta sami kashi biyu cikin uku da ake bukata ba. Ta biyu ta wuce a watan Mayu na 2023, kuma a watan Yuli na wannan shekarar Bury ta koma Gigg Lane a hannun magoya bayanta, tana wasa a mataki na 9, matakai shida ƙasa da inda aka kore ta.