'Yan Matan Onitsha Da Malamar Da Ta Riƙe Hannunsu

Cikin watan Agusta na 2018, waɗansu 'yan mata biyar na makarantar Regina Pacis ta Onitsha suka ciwo lambar zinariya a gasar Technovation, can ƙasar Amurka. Sun ƙago manhajar waya ce mai tona asirin jabun magani, watau masifar da ta daɗe tana cin rayukan jama'armu.

Amma fa ba da ƙwazonsu kaɗai suka kai ba. Malama Uchenna Onwuamaegbu-Ugwu ce ta zauna da su, tana nuna musu hanya, tana gyara kurakuransu. Irin wannan jagoranci ƙungiyar W.TEC ta soma yi wa mata a Ikko tun 2008.

To, ɗalibar da ke Gusau ko Azare fa, in aikin ya cije mata, wa za ta tambaya?