Iskar Ɗakin Inji: Gargaɗi ga Masu Jirgin Ruwa da Masu Janareta

Injin dizal, wanda a Arewa aka fi sani da injin gas, ya fi shan iska a kan mai nesa ba kusa ba. Kafin lita ɗaya ta dizal ta ƙone sarai sai ta sami iska wajen lita 10,000, kuma a aikace inji yana zuƙar fiye da haka. Inji mai girman lita 2 da ke juyi 3,000 a minti yakan haɗiye iska kimanin lita 3,000 kowane minti. Akwatin da ake rufe irin wannan inji a cikin ƙaramin jirgin ruwa sau da yawa bai kai wannan girman ba, wato kafin minti ya cika ya shanye abin da ke ciki. In babu ƙofar da sabuwa za ta shigo, inji ya fara shaƙewa ke nan.

Maganar ta shafi mazauna Ketu da Mile 12 a Legas fiye da yadda ake zato. Cunkoson titin Ikorodu ya sa mutane da yawa sun koma bin ruwa, suna hawa jirgi daga tashar Ipakodo zuwa tsibirin Legas, ga kuma kwale-kwalen da ke tsallaka da mutane zuwa Agboyi. Ƙananan jiragen fasinja galibi injin fetur gare su, a rataye a baya, iska na kaɗa shi. Manyan jiragen fasinja da masu jan kaya da masu haƙar yashi kuwa injinsu na dizal yana can cikin ciki, a ƙarƙashin dabe. Shi ne abin dubawa, shi da ɗan'uwansa na tudu, janaretan da ake kullewa a lungun shago.

Aiki uku iska ke yi a ɗakin inji: ta ƙona mai, ta kwashe zafi, ta fitar da gurɓataccen tururi. Na farkon ne ya fi saurin tona asiri. Injin da iska ta yi wa kaɗan yakan yi baƙin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, ya riƙa shan mai kamar ana zubarwa. Mai jirgi sai ya zargi mai sayar da dizal, ko ya kira bakanike a kwance famfon mai, alhali ciwon ba a can yake ba. Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko kwabo. A ba inji wuta sosai ɗakin yana rufe, sannan a ɗaga murfin. In murfin ya yi nauyi kamar ana riƙe shi daga ciki, ko kuma da buɗewa muryar inji ta sake, hayaƙi ya washe, to ƙofofin iska sun yi ƙanƙanta.

Zafi shi ma ɓarawo ne. Ko da ruwa ke sanyaya inji, jikinsa da salansa suna tururin zafi cikin ɗakin, kuma iska mai zafi sakayau take. Daga maki 30 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas nauyinta yakan ragu da kusan kashi 9 cikin 100, don haka inji na zuƙa amma ba ya ƙoshi. Zafin yana busar da fambel da tiyo, yana gajarta ran batir, yana sa robar wayoyi ta tsattsage.

Tsarin da ya dace ba shi da wuya. Sanyayyar iska ta shigo ta bututu da ke sauka ƙasa kusa da inda inji ke zuƙa, mai zafi kuma ta fita ta sama, a ɗaya gefen, tunda sama take hawa da kanta. Idan ƙofar shiga da ta fita suna maƙwabtaka, iskar za ta shiga ta fice ba ta ko gaisa da inji ba. In za a sa fanka, a sa ta a mafita tana zuƙo zafi waje, amma kada ta fi ƙarfin mashiga, don kada ta koma kokawa da inji a kan 'yar iskar da ke akwai. Bakin mashigar a waje ya kasance can sama da ruwa, da lanƙwasa a wuyansa yadda feshin igiya zai tsiyaye kafin ya kai ciki.

Damina ce ke ɓata wannan tsari. A watannin Yuni da Yuli, da ruwan Legas ya tsuge, yaron jirgi yakan cusa tsumma ko ledar fiya wata a ramin iska don kada ruwa ya shiga. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, tsumman yana nan har ya yi baƙi ya zama kamar da shi aka ƙera jirgin. Wani lokaci buhun albasa ne ko jarkar mai aka jingina a bakin ramin.

Mafi muni shi ne hayaƙin da ba a gani. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, sai jini ya yi ta zagaya jiki ba ya ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa ke bukata. Gaskiya ne injin dizal bai kai na fetur fitar da ita ba, amma wanda iska ta yi wa kaɗan yakan ninka abin da yake fitarwa, kuma tsaga ɗaya a salansa ta isa ta cika ɗaki. Jirgin da ke tafiya ma yana iya jawo hayaƙinsa ta baya ya dawo cikin rumfar fasinja, musamman in an sauke tamfol ta gaba da gefe saboda ruwan sama aka bar baya a buɗe. Banda wannan, tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa sankarar huhu, abin da ya fi shafar wanda ke wuni kusa da inji shekara da shekaru.

Alamomin gubar kabon monoksaid su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi. Sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ake shan farasitamol a koma a kwanta a wurin da ciwon ya samo asali. In an wayi gari an tarar da mutanen ɗaki guda a sheme, akan ce sammu ne, ko abinci, ko iska. Iskar ce kuwa, amma ta inji. Abin lura shi ne mutum biyu ko uku su kamu lokaci ɗaya ba tare da zafin jiki ba, su kuma ji sauƙi da sun fita waje. A kashe inji, a buɗe ko'ina, a fitar da su sarari, a garzaya asibiti a faɗa wa likita cewa hayaƙi ake zargi, domin oksijin ne maganin. Madara da manja da ake ɗura wa wanda ya suma ba sa cire gubar, suna ma iya sarƙe shi.

Banda guba, akwai haɗarin gobara. Batir da ke caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke taruwa a sama kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta, saboda haka akwatinsa na bukatar huda a sama. Tururin fetur akasin haka yake, ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi. Kada a ajiye jarkar fetur a ɗakin injin dizal.

A tudu, tsoron ɓarayi da ƙorafin maƙwabta kan ƙara su ke sa a shigar da janareta cikin shago, ko ƙarƙashin bene, ko barandar gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna. Buɗe taga ba ya wadatarwa. Ƙa'idar ita ce ya zauna a fili, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da gida. Kejin ƙarfe mai raga da rufin kwano yana tsare shi daga ɓarawo da ruwan sama ba tare da ya toshe shi ba. Inda mutane ke kwana kusa da inji, a jirgi ko a shago, a maƙala na'urar nan mai batir da ke ƙara in ta ji kabon monoksaid, a riƙa danna maɓallin gwajinta duk wata.