Kiwon Sa A Turke A Ƙasar Gobir

Daga Sabon Birni har Isa, idan an kawar da amfanin gona, mai ɗan jari yakan sayi sa ramamme ya ɗaure a turke, ya yi ta ciyar da shi wata uku ko huɗu, sa'an nan ya sayar. To, ribar wannan sana'a tun ranar saye take somawa.

Masana shanu sun fifita Bokolo, wanda Turawa ke kira Gudalin Sakkwato: gajeren ƙaho, faɗin ƙirji, sanyin hali. Ya ci ya kwanta ya yi tuƙa, abinci ya zama nama. Rahaji kuwa, jan sa mai dogon ƙaho, ya fi shi tsawo da cika ido, amma ɗan daji ne, tafiya ya saba. A turke sai fizge-fizge, ƙibarsa ta yi jinkiri. Mai saye ya buɗe baki ya duba haƙori, gama tsohon sa ba ya biyan abin da ya ci. Wanda ya nufi kasuwar Layya ya tuna, a mazhabar Malikiyya sai sa ya cika shekara 3 ya shiga ta 4.

Kara zalla riƙon rai yake yi. Abin da ke gina jiki shi ne harawar wake da ta gyaɗa, da dusa, da angurya, da 'ya'yan gawo, da ɗan kanwa, da ruwa wadatacce. Sai dai a ƙara dusa da hatsi sannu sannu. Wanda ya tula su dare ɗaya, tumbi ya yi tsami, sa ya kumbura, wani lokaci sai wuƙa. Wanda ya yi kiwo a fadamar Rima a fara ba shi maganin tsutsar hanta.

Inda da yawa ke faɗuwa shi ne riƙo. Da sa ya cika, abin da yake ci kitse yake zama, kitse kuwa ya fi tsoka cin abinci, ga harawa tana ƙara tsada da bazara.

Akwai kuma sha'anin ɓarayin daji. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Sakkwato ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Isa da Sabon Birni da wasu yankuna. Wanda sansa ya ƙosa a lokacin ya yi ta ciyarwa, ba inda zai kai shi.